Oga yana so in kai kilo 100

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Jos ce, shekarata 27, aurena shekara 3, Allah bai bani haihuwa ba tukuna. Lokacin da aka kai ni ɗaki kilo 58 nake, dama tun ina ƙarama siririya ce ni, a makaranta tsinke ake ce min. Ogana mutumin kirki ne wallahi, bai taɓa ɗaga min hannu ba, ci da sutura ban nemi komai na rasa ba, amma tun muna amarci ya faɗa min shi mace mai jiki yake so. Ya fara da kawo min tsire da kaza da madara cikin dare, ya zauna ya sa ni gaba sai na cinye, daga baya ya siyo sikeli, duk daren Juma'a sai na hau ya rubuta a wayarsa. Da yaga jikin baya ƙaruwa yanda yake so sai ya fara kawo min wasu ƙananan ƙwayoyi farare a ƙulle a leda ba kwali, da wani na ruwa a kwalba, yace wani mai kemis ne ya haɗa masa. Yau wata 8 ina sha. Yanzu kilo 84 nake, tsawona mita 1.60. Fuskata ta cika tam, nankarwa ja-ja ta fito min a ciki, al'adata ta rikice, ga ƙishirwa ga fitsarin dare, ɗan tudun unguwarmu sai na tsaya sau biyu kafin in haye. Da yace in na kai 70 ya isa, da na kai yace 80, yanzu 100 yake faɗa. Da nace na gaji kwana 4 yayi baya min magana, yace in na rame kar inga laifinsa in ya ƙaro mai jiki. Bazan ɓoye miki ba nima da farko naji daɗi, dan ban taɓa samun wanda ya kalle ni yanda yake kallona ba. Anti ciwo ne da shi? Kuma in na ƙi na saɓa wa Allah?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambaya biyu kika yi min kuma duk zan amsa, amma bari in fara da wadda baki yi ba, dan ita ce ta hana ni barci da na karanta saƙonki, wato ƙwayoyin nan na cikin leda.

Abinda 'yan mata ke kira sha ka fashe yawanci abu biyu ne ake haɗawa. Ɗaya sunansa cyproheptadine, asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da atishawa da borin jini, sai dai yana buɗe ciki yana kuma sa barci, shi ne ke cikin ruwan kwalba irin su Apetamin wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito a 2023 ta gargaɗi mutane a kansa, saboda an samu waɗanda ya taɓa musu hanta. Na biyun kuma, wanda nafi tsoro, shi ne dexamethasone, 'yar ƙaramar ƙwaya mai arha da mutane ke yanke sunanta suce dekza. Magani ne na gaske mai ƙarfi, likitoci na bada shi a asma da kumburi da wasu manyan cututtuka, a 2020 lokacin korona ma an gano yana ceton ran waɗanda numfashinsu ya sarƙe har aka sa musu iskar oksijin. Amma yawanci na 'yan kwanaki ake bada shi, da lissafi, ana kallon mutum. Ke wata 8. Daga nan inda nake bazan rantse miki cewa shi kike sha ba tunda ba kwali ba suna, amma fuskar da ta cika, da jan nankarwa, da al'adar da ta rikice, da ƙishirwa da fitsarin dare, in ka jera su wuri ɗaya kamar an karanto takardar da ke cikin kwalinsa ne.

Kuma ga inda abin haushin yake. Shi oga ƙugu da mazaunai da cinya yake nema, toh dekza ba can yake kai kitse ba. Fuska yake kaiwa, da ƙeya, wajen da wuya ya haɗu da baya har ya yi ɗan tozo, da tumbi. Naman hannu da na cinya da na mazaunai kuwa cinye shi yake a hankali, shi yasa zakiga mace sama ta yi dam ƙafafu kamar sillen kara, in ta tsuguna tashi sai da dafa bango. Wani abin ma ruwa ne jiki ke riƙewa. Ƙiba daban kumburi daban, wannan garin neman ƙiba ne ake samo rama, ramar tana ɓoye a ƙarƙashin kumburin. Bayan haka yana ɗaga suga, yana ɗaga jini, yana sa ƙashi ya yi taushi har wasu ƙashin ƙugunsu ya mutu su koma ɗingishi da ƙuruciyarsu, yana sa fata ta yi siriri ciwo ya daɗe bai warke ba, yana karya garkuwar jiki har tarin fuka da ke kwance ya samu hanyar tashi, yana iya taɓa ido ya kuma jawo gyambon ciki.

Yanzu ki saurara da kyau dan nan ne mutane ke kuskure. Kar ki karanta wannan ki tashi a fusace ki watsa su a masai yau. In dekza ne, daina shi farat ɗaya bayan wata 8 yana iya kai mutum lahira. Dalili kuwa akwai wasu 'yan ƙananan halittu guda biyu zaune a kan ƙoda, su ke samar da sinadarin da ke riƙe jini da suga da ƙarfin jiki musamman lokacin ciwo ko firgita, in mutum ya ɗauki makonni yana shan irin wannan magani sai suga an ɗauke musu aiki su kwanta barci, kuma basa farkawa a rana ɗaya. Ki yanke maganin ba shiri jiki ya wayi gari babu na waje babu na ciki, sai kasala da amai da jiri, jini ya faɗi ƙasa, wasu sai dai a kwashe su. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan har su farfaɗo. Saboda haka a satin nan, ba bayan biki ba, ba in oga ya sauko ba, ki ɗauki ledar da kwalbar yanda suke ki tafi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo ko Plateau Specialist, ki yanki kati, ki ajiye su a teburin likita kice wata 8 kenan ina shan wannan kullum dan in yi ƙiba. Ki faɗi adadin da kike sha ba ragi, ba ke kika fara zuwar musu da irin wannan ba, kunya kuma bata da gurbi a ɗakin likita. Ki roƙa a auna miki jini, a yi gwajin suga kafin ki karya, a duba hanta, a kuma yi gwajin ciki tunda al'ada ta rikice, kar ki ɗauka ba komai. Ki riƙe lambobin nan a kanki, suga kafin karyawa in ya kai 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, an shiga layin ciwon suga, jini kuma in yana kai 140 bisa 90 an shiga hawan jini. In kafin ranar zuwanki kikaji amai ko jiri mai tsanani ko zazzaɓi, kar ki jira gari ya waye.

Toh, mun gama da wuta, mu koma kan oga.

Ciwo ne da shi? Son mace mai jiki ba ciwo bane, ko kusa. Ni da nake miki rubutun nan ba siririya bace, gidanmu gado ne, kuma ban taɓa jin ina bin kowa bashin haƙuri kan haka ba. Kowa da irin abinda idonsa ke so, wani fara wani baƙa, wani doguwa wani 'yar duma-duma. Mu nan ma ai da shi muka tashi, amarya ta yi wata 3 ta ciko sai kiji ana kai wance hutu ya karɓe ta, in ta rame kuwa dangi su fara ƙus-ƙus ko baya bata abinci ne ko kishi ke cinta. Gyaran amarya da kunun gyaɗa da madara da kaza, mai jego da kunun kanwa da gasasshen nama, duk ciko da mace ake nema. Efik na Kalaba suna da ɗakin da ake killace budurwa kafin aure ana ciyar da ita ana koya mata zaman gida har ta fito ɓul-ɓul. Zabarmawan Nijar suna da bikin da mata ke gasar ƙiba. Har a hadisi, wanda Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito, Nana A'isha Allah Ya ƙara mata yarda tace mahaifiyarta ta so ta sa ta yi jiki kafin a kai ta ɗakin Manzon Allah SAW, abubuwan da aka gwada basu karɓe ta ba sai da aka haɗa mata kokwamba da ɗanyen dabino, tace sai tayi ƙiba mai kyau. Kinga kenan abin ba baƙo bane. Amma ki lura da me aka bata, abinci ne na kasuwa, uwa ce da hannunta, kuma da jikin ya yi kyau aka tsaya.

Ita wannan tsayawar ita nake nema a labarinki ban gani ba. 70 ta zama 80, 80 ta zama 100. Namijin da mace mai jiki kawai yake so, ranar da kika kai 70 ya samu abinda yake nema, sai ya ajiye sikeli ya ji daɗin matarsa. Wanda kullum yake matsar da lambar gaba, ba jikin ne kaɗai ke jan sa ba, ƙaruwar ce, zaman da yake yana kallonki kina ci, hawan sikelin daren Juma'a, rubutawa a waya, wannan ɗin shi ne abin sha'awar tasa. Sananniyar ɗabi'a ce a duniya, ba shi kaɗai bane, akwai mazan da ciyar da mace da ganin tana ƙaruwa ke motsa su, akwai ma matan da su da kansu suke jin daɗin a ciyar da su suna ƙaruwa, wasu ma'auratan su zauna su yarda a junansu su sa iyaka su zauna lafiya. Likitocin ƙwaƙwalwa basa kiran sha'awa ciwo dan kawai ta bambanta da ta jama'a, sai in ta kai tana cutar da mai ita ko tana cutar da wani, ko ana yinta ba da yardar ɗayan ba. Matsalar irin wannan sha'awa ɗaya ce, bata da ƙarshe a karan kanta, tunda ƙari take so ba adadi ba, ranar da kika kai 100 wallahi 110 zata yi masa kyau. Dole wani ne zai sa mata birki, kuma tunda shi bai sa ba, ke ce mai jikin.

A Muritaniya akwai al'adar ɗura, yarinya ƙarama a zaunar da ita a yi ta ɗura mata nonon raƙumi da gero da mai, in ta ƙi a matse mata yatsun ƙafa tsakanin sanduna biyu har ta haɗiye. Kowa yaji wannan zai ce zalunci ne. Naki babu sanda, na sani, kuma bana so in ɗora wa mijinki abinda bai yi ba, amma kwana 4 ba magana da barazanar kishiya aikin da sandunan nan suke yi shi suke yi, suna sa ki haɗiye abinda kince kin gaji da shi. Kince mutumin kirki ne kuma na yarda, zai yiwu ma bai san me ke cikin ledar ba, shi dai mai kemis yace masa maganin ƙiba ne ya karɓa yana murna. Rashin sani ana yafe shi. Abinda zai yi bayan ya sani shi zai nuna mana waye shi.

Sai maganar saɓa wa Allah. Ki je da tambayar wajen malamar Islamiyyarku ko malamin da kika yarda da shi, amma ki faɗa musu labarin duka har da ƙwayoyin da fitsarin daren, kar kice kawai mijina yana so in yi ƙiba na ƙi, dan amsa gwargwadon tambaya take zuwa. Abinda ni da ke muka haddace tun muna yara a Arba'una dai shi ne la darara wa la dirara, ba cuta ba cutarwa. Biyayya kuma a cikin abinda yake alheri ake yinta, haka ya tabbata a Bukhari da Muslim. Ayar da tace ku ci ku sha ita ce tace kar ku yi ɓarna, hadisin Tirmizi kuma ya raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi. Yi wa miji kwalliya da abinda yake so lada ne, in kika riƙe ɗan jikinki dan kin san yana so babu mai ce miki kinyi laifi, amma ban taɓa jin malamin da yace mace ta jawo wa kanta ciwon suga dan ta faranta wa miji ba. Jikin nan amana aka baki, shi ma amanarki aka bashi ranar da waliyyinki yace na ba ka. Kuma ki tuna tseren da Manzon Allah SAW yayi da Nana A'isha, tana siririya ta tsere masa, bayan shekaru ta yi jiki suka sake ya tsere mata yana dariya yana cewa wannan ramuwar waccan ce. Siririyar da mai jikin duk matarsa ce, duk da ita yayi wasa.

Akwai layi ɗaya a saƙonki da na karanta sau uku, inda kikace baki taɓa samun wanda ya kalle ki yanda yake kallonki ba. Kar kiji kunyar wannan ko kaɗan. Yarinyar da aka yi shekaru ana ce mata tsinke, ana tambayarta ko bata da lafiya ne, tela na mata dariya wajen awo, rana ɗaya ta samu namiji yana rawar jiki a kanta, dole taji daɗi, ko ni ce zanji. Shi yasa bazan ce miki ki koma 58 ba, ƙila ke kanki bakya so. Abinda nake so ki zauna ke kaɗai, ba oga ba, ba uwar miji ba, ba ni ba, ki tambayi kanki a wane jiki kika fi jin daɗin kanki, lokacin da kike kallon madubi kiji kin yi kyau kuma kina hawa tudun unguwarku ba haki. In 66 ne, in 70 ne, wannan lambar taki ce. Da ita zaki je wajen likita, da ita zaki je wajen oga.

Dan ki san inda kike tsaye, ga lissafin da asibiti ke yi, a raba nauyi da tsawo sau tsawo. Tsawonki 1.60, sau kansa ya bada 2.56. Da kina 58 lissafinki 22.7 ne, tsakiyar lafiya, wato duk masu ce miki tsinke surutu suke, tunda daga 18.5 zuwa 24.9 ake kira daidai. A 70 kin kai 27, an ɗan haura. Yanzu a 84 kina wajen 33, daga 30 kuwa ake kiranta teɓa a likitance. A 100 zaki kai 39, taki ɗaya tsakaninki da 40 inda ake cewa mai tsanani. Wannan lissafi ba wahayi bane, akwai masu jiki da jininsu da sugansu lafiya lau, akwai ramammu masu hawan jini, shi yasa na fi yarda da tef ɗin tela. Ki zagaya shi a cikinki daidai saman cibiya, ana so kar ya wuce rabin tsawon mutum, ke kenan santimita 80, in mace ta haura 88 haɗarin suga da zuciya ya ƙaru sosai. Kitsen ƙugu da cinya bai kai na tumbi illa ba, kuma kin dai ji inda dekza ke tara nasa.

Ga kuma abinda nake ganin zai fi shiga kunnen oga, haihuwa. Shekara 3 shiru, na san an fara kallonki a gidan suna, na san an fara kawo miki jiƙe-jiƙe. Kitse mai yawa yana rikita sinadaran da ke sa mace ta saki ƙwai duk wata, shi ma maganin yana rikita su, kinga an haɗa miki biyu. Bance shi ne kaɗai dalili ba, shi ma ogan ya kamata a gwada shi, amma al'adar da ta rikice bayan fara ƙwayoyi ba a buƙatar boka ya faɗi daga ina. In cikin ya samu a wannan yanayi kuma ga sugar masu ciki, ga hawan jinin da ke kai ga jijjiga, ga yiwuwar tiyata. Labari mai daɗi shi ne ba sai an zubar da duka ba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wajen kilo 4 zuwa 8 a wajenki, sau da yawa yana isa al'ada ta dawo kan hanya suga ya sauka.

Yanda zaki yi masa maganar, ni a ganina kar ki fara da ita a daren Juma'a gaban sikeli, kuma kar ki fara da kai ka cuce ni, namiji in yaji an kira abinda yake sha'awa ƙazanta ko hauka rufe kunne yake ya tafi inda ba za a kira shi haka ba. Ki bari ya ci ya ƙoshi hankalinsa kwance, kice masa yallaɓai ina son yanda kake sona kuma bana so ka daina, amma jikina yana bani tsoro, fitsarin dare da ƙishirwar nan alamar suga ce, ina so ka raka ni asibiti kaji da kunnenka. Ki yi iya ƙoƙarinki ya bi ki, dan abinda zaki shekara kina faɗa yana cewa raki ne, likita zai faɗa a minti 5 ya zauna. In ya ƙi rakiyar ki nemi izinin zuwa ki tafi da yayarki ko mamanki, in izinin ma ya hana toh magana ta wuce ɗaki, ki sanar da babba a gidanku a ranar. Bayan an dawo sai ki faɗa masa abu uku a fili ba kwana-kwana, magani sai wanda likita ya rubuta, sikeli ya bar ɗakin kwana, abinci kuma in kince kin ƙoshi kin ƙoshi. Sauran duk a buɗe suke. Yana son ya baki a baki, ya baki, ba laifi bane miji ya sa wa matarsa loma, sunna ce ma, amma ya zama abincin darenku ne na kullum ba ƙari a kan ƙari ƙarfe 12 na dare ba. Yana son yabon jikinki ya yaba, ki yi masa ɗinkin da ke fito da abinda yake so. In ƙugu yake nema, motsa jiki irin na tsuguno da hawan tudu da cin wake da ƙwai da kifi sun fi kowace ƙwaya gina wajen, kuma Allah Ya ajiye ki a garin da ko'ina tudu ne.

Ke da kike Jos ma wa ya kai ki sa'ar abinci. Ki shiga Farin Gada da safe kiga kabeji da karas da koren wake da latas da kokwamba tuli-tuli, abinda 'yan Abuja ke siya da tsada ku a nan ake lodinsa. Ga acca, ga gwate da ganye, ga dankalin Turawa in dafawa za a yi ba suya kullum ba. Abinda zaki fara yankewa lemon kwalba ne da kayan malt da madarar gwangwani mai suga da cin tsakar dare, su kaɗai ma zakiga bambanci. Amma kar ki shiga yunwar gayya, kuma dan girman Allah kar ki fita daga sha ka fashe ki faɗa shayin rage ƙiba na masu talla a WhatsApp, duk kanwar ja ce. Ki sani saukar zata fi hawan wuya da jinkiri, jiki in ya saba da nauyi yana jan mutum ya koma, kuma lokacin da ake rage maganin zaki iya jin kasala da ciwon gaɓoɓi da ɓacin rai ba dalili, ki faɗa wa likita, kar ki koma wa ledar. Nankarwar jan zai dushe ta yi fari-fari da lokaci amma bata ɓacewa duka, gara in faɗa miki yanzu kar wata ta sayar miki da man shafawa na dubu 20.

Kishiya kuma, hmm. Bazan yi miki ƙarya ince bazai ƙara ba, zai iya, kuma ko kin kai 100 ɗin ma zai iya, mata nawa muka gani sun yi duk abinda aka ce kuma aka yi musu. Kinga kenan ba ciniki bane da zaki ce na bada lafiyata an bani zaman ni kaɗai, babu mai sa miki hannu a wannan takarda. Ki auna da kanki, kishiya da lafiyarki a hannunki, ko allurar insulin safe da yamma kina shekara 30 kuma kishiyar tana iya zuwa duk da haka, ta same ki a kwance. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da ta sha irin wannan haɗin kafin bikinta, wani mai kemis ne ya ƙulla mata shi ma, ranar kamu kowa na ta masha Allah amarya ta yi kyau, bata rufe shekara biyu ba aka fara kai ta asibiti da ƙafa, yau da sanda take zuwa gidan suna, mai kemis ɗin kuwa yana nan yana cinikinsa. In kuma oga ya ji bayanin likita da kunnensa, yaga takardar gwaji da idonsa, ya dawo gida ya sake miƙo miki leda, ko kika gane ana zuba miki wani abu a shayi ko kunu a ɓoye, toh wannan ba maganar sha'awa bace kuma, cutarwa ce da gangan, ranar ki kira waliyyinki a zauna da nasa manyan kamar yanda Suratun Nisa'i tace a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Nasan nauyin faɗin irin wannan a gaban iyaye, ba sai kin buɗe sirrin shimfiɗa ba, ledar da takardar asibiti sun isa su yi magana.

Ranar da zaki asibitin ki tafi ba ki karya ba saboda gwajin sugan, ki riƙe abin karyawarki a jaka da rigar sanyi dan layin safe a Lamingo ba wasa ba, ki rubuta ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe a takarda dan za a tambaya. In kin fito ki turo min lambobi uku, na jini, na suga, da na tef ɗin tela, sannan ki faɗa min ko oga ya raka ki.